A-KORI-KURA: TARIHIN FIJO 404 A SABO, DA ABIN LURA KAFIN A SAYAR DA ITA



Duk wanda ya tashi a Sabo, ko ta Shagamu ce ko ta Badun, ko kuma cikin Hausawan Agege, ya san motar da ake kira a-kori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya ƙirar Fijo. Shekaru arba'in da suka wuce ita ce ƙafar 'yan kasuwarmu. A yau kuwa sai mutum ya daɗe yana zirga-zirga a kan titi bai ci karo da 404 guda ɗaya mai tafiya da ƙafarta ba. 'Yan ragowar da suka saura, masu su sun manyanta, 'ya'yansu kuma suna ta shawarar a rabu da su a huta da shan mai.

Abin da nake son yi a wannan rubutu shi ne in kawo wa mai karatu tarihin wannan mota, daga inda ta fito da irin aikin da ta yi wa iyayenmu, sannan in ɗora da maganar sayar da ita. Dalilina shi ne, wanda bai san asalin kayansa ba dillali ne zai yanka masa farashi, kuma 404 mai lafiya da ke fita aiki kullum ta fi ƙarfin a auna ta a sikeli kamar tsohuwar tukunya.

Asalin sunan

Da yawa daga cikin samarinmu suna zaton kurar da ke cikin sunan ita ce ta daji mai cin akuya. A'a, kurar da ake nufi ita ce ta katako mai tayoyi, wadda ƙarti ke turawa da hannu suna dakon buhuna daga tasha zuwa kasuwa. Da ƙaramar motar kaya ta shigo gari, sai ta riƙa kwashe a sahu ɗaya abin da masu kura za su wuni suna jigilarsa, shi ne Bahaushe ya laƙaba mata a-kori-kura. Ke nan sunan da kansa tarihi ne, domin yana gaya mana sana'ar da motar ta tarar da kuma yadda ta yi da ita.

Kafin zuwan mota

Ba za a gane matsayin a-kori-kura a Sabo ba sai an koma ga abin da ya kawo kakanninmu Kurmi, kuma a gaba-gaba akwai goro da shanu. A ƙarni na 19 fatake ba ƙasar Yarbawa suke zuwa neman goro ba, Gwanja suke tafiya, wato kasuwar Salaga da ke cikin Gana ta yanzu. Da jakuna ake yin tafiyar, ayari guda ƙarƙashin madugu, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya kasuwar, sai 'yan kasuwa suka riƙa bin goro har bakin teku, suna loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta ruwa tun yana saurayi.

Da layin dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Yarbawa suka ga kasuwa, suka shiga dasa irin goron da Hausawa ke so, wanda har yau suke kiransa gbanja, sunan da ya samo asali daga Gwanja ɗin nan. Sai Hausawa suka yi ta kafa zango a inda goro yake: Agege, Ifo, Abekuta, Badun, Shagamu da sauransu. Sabon Badun an kafa shi ne a 1916, kuma wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi guda a kansa, wanda ya fito a 1969.

To amma jirgin ƙasa iyakarsa tasha. Shagamu ma tsohon layin dogon bai bi ta cikinta ba. Daga baya manyan motoci masu bodin katako, irin su Bedford da Austin da Marsandi 911, suka karɓe dogon zango zuwa Arewa. Matsalar da ta rage ita ce ta ɗan gajeren zangon da ke tsakanin ƙauyen da aka fasa goro da shagon da za a tsince shi a ɗaure huhu. Gingimari ba ta shiga waɗannan hanyoyi na jar laka, kuma ba ta tashi sai ta cika. Mai ƙaramin jari sai dai ya jira 'yan dako, ko ya jira mai babbar mota ya ga dama. Goro kuwa ba ya son jira, domin in ya sha iska ya bushe, in ya sha zafi ya lalace. Wannan gurbi ne a-kori-kura ta zo ta cike.

Daga Faransa zuwa Ikko da Kaduna

Kamfanin Peugeot, wanda bakinmu ya mayar Fijo, babbar masana'antarsa tana garin Sosho a gabashin Faransa. Ya fito da 403 a 1955, kuma ita ma tana da ƙirar ɗaukar kaya da ta shigo ƙasar nan. A 1960 aka fito da 404, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana siffarta. Ƙirarta ta a-kori-kura ta biyo baya a 1967. An daina ƙera ta shiga, wato salun, a Faransa a 1975, amma ta kaya ta ci gaba, har ma a Kenya ba a daina harhaɗa 404 ba sai 1991. Jimillar 404 da aka ƙera a duniya ta haura miliyan 2 da dubu 800.

Abin da ya ɗaga sunanta a Afirka shi ne gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, inda ake bin dubban kilomitoci cikin laka da ƙura da duwatsu. Fijo 404 ta lashe gasar sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Kowa ya san hanyoyin da aka yi tseren a kansu ba su fi na ƙauyukanmu kyau ba, saboda haka nasarar ta zama talla mai ƙarfi.

A Nijeriya, an kafa kamfanin Fijo na Kaduna, wato PAN, a 1972, aka fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon. A shekarun farko ta jirgin sama ake kawo kayan haɗin, daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗauko su a mota zuwa Kaduna. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ita a-kori-kura kamfanin SCOA ne ya shahara da harhaɗa ta a Ikko, ya fara da 404 sannan ya koma 504 bayan an fito da ƙirarta ta kaya a 1979. Wato dai motar da ake yi wa kallon 'yar Arewa, da yawanta a nan Kurmi aka ɗaura musu tayoyi, kamar mu da aka haifa a nan.

Akwai wata alama mai sauƙi ta gane shekarun mota. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Motocin da aka sayar kafin wannan rana sitiyarinsu yana dama ne, na bayanta kuma yana hagu. Duk wanda ke da a-kori-kura mai sitiyari a dama, in dai ba daga wata ƙasa aka shigo da ita daga baya ba, to ya san abin da ke hannunsa ya girmi naira, domin naira sai a Janairun 1973 ta maye gurbin fam.

Me ya sa ta karɓu

Sirrin 404 shi ne sauƙi. Injin fetur ɗinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,618, yana aiki da kabureta, babu kwamfutar inji, babu wasu wayoyin da za su ruɗa bakanike. Akwai kuma mai shan gas, cc 1,948. Giya huɗu ce a jikin sitiyari, abin da ya ba da damar mutum uku su zauna a gaba: direba, mai kaya da yaron mota. Tayoyin baya ne ke jan ta, kuma an ɗora bayan a kan sifirin na faifan ƙarfe, shi ya sa nauyi ke ƙara mata riƙon ƙasa a cikin laka. Masu ƙera ta sun ƙayyade mata kaya daga kilo 850 zuwa tan guda, gwargwadon ƙira, amma mai karatu ya san direbobinmu ba su taɓa karanta wannan shafi na littafin ba. Sai a ƙara faifan sifirin, a ɗaga bodi da ƙarafa, a loda har sai gabanta ya kalli sama.

Bugu da ƙari, tunda gwamnati ta mai da Fijo motar ma'aikatanta, musamman zamanin Janar Obasanjo da aka koma hawa 504 don rage almubazzaranci, sai kayan gyara suka wadata ko'ina. Daga Ladipo a Ikko, zuwa Agodi Gate a Badun, zuwa Nkwo a Nnewi, zuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, babu inda za ka nemi fulogi ko fambel ko falantin kuloci na Fijo ka rasa. Bakaniken ƙauye da sifana uku da guduma zai tashe ta. Ga ɗan kasuwar da ke ɗauke da kayan da ke lalacewa, wannan ya fi kowane ado daraja.

Aikinta a Sabo

Da asuba take fita zuwa kasuwannin ƙauye, inda matan Yarbawa ke kawo goron da suka saya a hannun manoma suka ɓare suka wanke. Kafin la'asar ta dawo da kwanduna, a zube a shago, a ware fari da ja, manya da ƙanana, a jera cikin ganye a ɗaure huhu, a jira babbar motar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Idan manyan motoci suka sauke albasa da tumatir da wake da busasshen kifi daga Arewa, ita ce kuma ke rarraba su zuwa ƙananan kasuwanni. Da aka buɗe babban titin Ikko zuwa Badun a 1978, wanda ya ratsa ta gefen Shagamu, sai ya zama mai a-kori-kura na iya kai kaya Mile 12 ya dawo ya yi sallar azahar a gida.

A nawa ganin, babban abin da ta canza shi ne tsarin dogaro. A da, baƙon ɗan kasuwa yana hannun maigidan da ya sauke shi, shi ke ba shi masauki da ma'aji, shi ke nemo masa dillali da mota. Wannan tsari bai mutu ba, kuma yana da amfaninsa. To amma yaron shagon da ya tara kuɗi ya sayi a-kori-kura, ko da ta hannu ce, ya samu hanyar tsayawa da ƙafarsa. Gidaje da yawa a Sabo da kuɗin dakon wannan mota aka aza tubalinsu.

Kuma ba kasuwa kaɗai ta yi wa hidima ba. Ita ke kai gawa maƙabarta, ita ke kai kayan ɗakin amarya da gara, ita ke ɗauko ragunan layya, ita ke kwasar tabarmi da lasifika ranar Mauludi, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Manyanmu suna ba da labarin cewa lokacin rikicin Shagamu na Yulin 1999, wanda ya ci rayuka da dukiya, a bayan irin waɗannan motoci aka fitar da mata da yara da yawa zuwa inda za su tsira, kuma a bayansu aka dawo da su da ƙura ta lafa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye gaba.

Yadda ta ɓace

Faɗuwar kuɗin ɗanyen mai a farkon shekarun 1980 ta sa gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasisin shigo da kayan haɗi ya yi wuya. Sai kuma shirin SAP na Janar Babangida a 1986. Naira da ta fi dala daraja a 1980, kafin ƙarshen 1986 sai an ba da wajen naira 4 ake samun dala guda. Tunda akasarin kayan haɗin daga waje suke zuwa, sabuwar Fijo ta gagari talaka. Nan ne kasuwar motocin hannu ta buɗe, waɗanda Yarbawa ke kira tokunbo, mu kuma muke cewa 'yan Kwatano. Motocin Japan irin su Toyota Hilux da Nissan da Mitsubishi suka cika gari.

Masana'antar Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. A 2006 gwamnati ta sayar da kasonta ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwa da Ɗangote ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, har da motar kaya mai suna Landtrek, amma wannan wata mota ce daban, ta masu hali.

A cikin gari kuwa, ƙananan motocin kaya da masu ƙafa uku, waɗanda ake kira 'yar ƙurƙura, su suka ƙwace ɗan gajeren dako, domin ba su shan mai kuma suna shiga lungu. Abin da a-kori-kura ta yi wa kura shi aka yi mata. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙarasa sauran, domin litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Sannan ga tsatsa. Damshin Kurmi da ruwan da ake yayyafa wa goro suna cin ƙasan bodi, shi ya sa samun 404 da ta yi rayuwarta a nan kuma shasinta bai ruɓe ba abu ne mai wuya ƙwarai.

Idan za a sayar

A gidanmu akwai guda ɗaya, mai sitiyari a hagu, wadda mahaifinmu ya saya ta hannu tun kafin a haife ni. Har yanzu tana tashi da bugu ɗaya, tana zuwa kasuwa tana dawowa. Da aka fara maganar sayar da ita, na lura masu zuwa taya ta kashi uku ne, kuma ina jin duk mai irin wannan mota su zai gani.

Na farko su ne 'yan gwangwan, kuma akasarinsu 'yan uwanmu ne. Su nauyin ƙarfe suke saya, su cire inji da giya da lagireto su sayar daban, sauran a yanka a kai kamfanin narka ƙarfe. Kuɗinsu a hannu yake, ba sa tambayar takarda, shi ya sa mai matsuwa ke saurin faɗa musu. Sana'arsu halal ce, amma motar da ta mutu ita ta dace da su.

Na biyu shi ne mai neman abin aiki: manomi, mai gidan bulo, mai dakon katako ko rogo. Shi zai duba hayaƙi, ya saurari inji, ya taka birki, ya leƙa ƙarƙashi. Zai taya da arha domin yana lissafin mai, amma a hannunsa motar za ta ci gaba da rayuwa.

Na uku su ne masu sha'awar tsofaffin motoci. Ba su da yawa, amma akwai su a Ikko da Abuja, kuma a Turai abin ya yi nisa, har kamfanin Fijo yana da gidan tarihin motocinsa a Sosho tun 1988. Abin da irin wannan mai saye ke nema ya saɓa wa tunanin yawancinmu. Shi ya fi son tsohon fenti na asali a kan sabon fenti, ya fi son injin da motar ta zo da shi, da fitilunta masu zagaye, da tambarin zaki, da ƙaramin allon ƙarfe mai lambar shasi. Saboda haka wanda ya ruga ya fesa mata sabon fenti ya cike ramuka don ta yi ƙyalli, ya kashe kuɗi ne ya rage mata daraja. Mai saye da ya san abin da yake yi zai ɗora maganaɗisu a jikin bodi, duk inda bai kama ba ya san ciko ne.

Shawarata ga mai sayarwa ita ce, da farko ya tattara takardu: rasit na asali in yana nan, lasin, inshora, da shaidar mallaka, ya tabbatar lambar inji da ta shasi sun yi daidai da abin da ke rubuce. In motar gado ce, kada a taya ta sai duk magada sun yarda, har da mata, domin rigimar gado ta fi tsatsa cin gida. Na biyu, ya faɗi aibinta tun kafin a tambaya, ko cin baƙin mai ne ko giyar da ke fita. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja, ya kuma hana a sa wani ya zo yana ƙara tayi da ƙarya don a ruɗi mai saye. Na uku, a yanke la'adar dillali tun farko a gaban shaidu. Na huɗu, a rubuta yarjejeniya, a kuma canza sunan mallaka a hukumance, domin in motar ta yi ɓarna a gaba, sunan da ke takarda shi za a nema. Na biyar, kada a yi gaggawa. Motar da ke fita aiki kullum tana ciyar da kanta, mai ita ba ya cikin matsin da zai sa ya karɓi tayin farko. Mahaifinmu da wani dillali ya ce masa, "Alhaji, wannan ai sai sikeli," amsar da ya ba shi ita ce ya zo gobe da asuba ya raka ta kasuwa, sannan su yi magana.

Kammalawa

Mu Hausawan Kurmi ba mu cika ajiye tarihinmu a rubuce ba. Dattawan da suka san yadda aka kafa shagunan goro suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kayan aikinsu kuma suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan. Ba na cewa kowa ya riƙe motar da ba zai iya ciyarwa ba, dukiya ce, kuma mai ita yana da ikon sayarwa. Roƙona shi ne, kafin ta bar ƙofar gida a ɗauki hotonta gaba da baya, a zauna da wanda ya tuƙa ta a tambaye shi shekarar da aka saye ta, da nawa, da garuruwan da ta je, a rubuta a ajiye wa yara. Sannan in da hali a sayar wa wanda zai ci gaba da hawanta, ko don aiki ko don sha'awa, a kan farashin mota mai lafiya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.